Yadda Ake Gane Shekarun Tsohuwar Kwalba

A kasuwannin Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, da Doguwa, a kwalba ake auna zuma, da man gyaɗa, da manja. Amma a zamanin da, gora da tandu su ne mazubai. Kwalabe ba su yawaita ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin kaya mai fashewa ba ya jure doguwar tafiya a kan jaki.

Wani lokaci manomi yana huɗa a kufai sai garma ta tono tsohuwar kwalba. Mai gaggawa yakan jefar da ita. Mai lura kuwa yakan wanke ta, ya duba wurare uku.

Na farko, gindi. Masu aikin da sukan hura narkakken gilashi da baki, sa'an nan su manna sandan ƙarfe a gindin kwalbar don su gyara bakinta. Idan an ɓalle sandan sai ya bar tabo mai kaushi. Yawancin kwalabe masu wannan tabo sun girmi shekarar 1870.

Na biyu, jiki. Kwalbar da aka yi cikin akwatin zubi tana da siririn layi a gefenta. Idan layin ya ɓace a wuya, da hannu aka ƙarasa bakin. Idan kuwa ya haura har saman baki, aikin inji ne. Wani Ba'amurke, Michael Owens, shi ya ƙago injin yin kwalabe mai sarrafa kansa a 1903, saboda haka yawancin irin waɗannan kwalabe ba su girmi wannan shekara ba.

Na uku, baki. Tsofaffin kwalabe toshe su ake yi. Murfin ƙarfe mai haƙora, irin na kwalbar lemo, William Painter ya ƙago shi a Amurka a 1892.

Alama ɗaya ba ta isa shaida ba, sai an haɗa su duka. Yaron da ya tsinci irin wannan kwalba, kada ya fasa ta. Ya kai wa malaminsa, ya faɗi inda ya same ta, domin tana iya nuna lokacin da mutane suka zauna a wurin. In ta fashe, labarin ya tafi ke nan.