Darasin Kimiyya: Yadda Kunkurun Teku Ke Saka Ƙwai a Gaɓar Benin

Ɗalibin da ya tashi a Zongon Faraku ko na Jugu ya san kunkurun daji, mai yiwuwa kuma ya taɓa ganin kififiya a hannun masunta. Akwai ɗan'uwansu na uku wanda sai an yi tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa kudu ake ganinsa, wato kunkurun teku. Gaɓar tekun Benin gajeriya ce, kimanin kilomita 125 daga iyakar Najeriya zuwa ta Togo, amma kowace shekara, galibi daga wajen Satumba zuwa farkon sabuwar shekara, matan wannan dabba suna hawowa yashin Giran-Popo da Wida da kewayen Kwatano da dare domin su saka ƙwai.

Mu fara da sanin ko wace irin dabba ce. Kunkurun teku ba kifi ba ne. Yana cikin rukunin dabbobi masu jan ciki, tare da kada da damo da maciji. Da huhu yake numfashi, don haka komai daɗewarsa a ƙarƙashin ruwa sai ya ɗago ya shaƙi iska. Ƙafafunsa sun baje sun zama kamar filafilin jirgin ruwa, kuma ba ya iya janye kansa cikin ƙwarya yadda na daji yake yi. Iri bakwai ne a duniya, ana samun huɗu a ruwan Benin, biyu daga ciki ne suka fi saka ƙwai a gaɓar. Na farko shi ne mai launin zaitun, ƙarami, nauyinsa wajen kilo 40. Na biyu shi ne mai bayan fata, wanda littattafan Faransanci ke kira tortue luth. Shi ba shi da ƙwarya mai tauri, tsawonsa yakan kusa mita biyu, kuma wanda aka tsinta a gaɓar Wales ta Birtaniya a 1988 ya kai kilo 916.

Ga tambayar da darasin ya rataya a kanta: me zai sa dabbar da ke ci da barci da barbara a cikin ruwa ta wahalar da kanta ta hawo tudu? Dalilin yana cikin ƙwan. Ƙwai abu ne mai rai, yana numfashi. Ɓawonsa mai laushi ne, yana da ƙananan ƙofofi da iskar oksijin ke shiga, gurɓatacciyar iska ta fita. Idan ruwa ya rufe shi ya daɗe, ɗan da ke ciki ya shaƙe ya mutu. Ban da iska, yana buƙatar ɗumi, uwar kuwa ba ta kwanci. Yashi mai ɗan danshi wanda rana ke gasawa shi ne ke ba da duka biyun. Namijin ba shi da abin da zai kawo shi tudu, macen ce kaɗai ke fitowa.

Yanzu mu bi ta mataki-mataki. Takan fito da dare, ta ja jiki har ta wuce inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika. Da ƙafafun gaba take share wuri ta yi wa jikinta gurbi. Sannan aikin gwaninta ya fara: ta zura ƙafar baya ɗaya, ta lanƙwasa ta, ta ɗebo yashi ta ajiye gefe, ta zura ɗayar, a haka bi da bi ba tare da ta waiwaya ba, har rami ya yi zurfin kusan rabin mita, bakinsa ƙunci, cikinsa faɗi. Sai ƙwai su fara faɗowa biyu-biyu, uku-uku, farare, zagayayyu, ba sa fashewa saboda laushinsu. Mai launin zaitun takan zuba kimanin 100. Ta mayar da yashi, ta daddaɓe shi da ƙirjinta har mai tsaye kusa ya ji ƙasa tana amsawa, ta watsa yashi ta ɓatar da sawu, ta koma ruwa. Ba za ta sake waiwayar ramin ba.

Mai kallo zai ga hawaye mai yauƙi yana zuba daga idonta. Ba kukan naƙuda ba ne. Kusa da idon akwai wata gaɓa mai tace gishirin ruwan tekun da take sha, kullum tana aiki, a tudu ne kawai ake lura.

Ƙwan yakan yi kamar wata biyu a ƙasa, kuma a nan ne abin mamaki yake. A wurin ɗan'adam, tun ranar ɗaukar ciki ake yanke ko namiji ne ko mace. A wurin kunkurun teku, zafin yashi ne ke yankewa a tsakiyar kwanakin nan. A wajen digiri 29 na ma'aunin Salshiyos, maza da mata sukan zo kusan daidai. Idan ya haura, mata su rinjaya. Idan ya sauka, maza. Ke nan ɗumamar duniya tana iya rage maza a cikinsu.

Idan lokaci ya yi, kowane ɗa ya fasa ɓawo da wani ɗan tsini da ke kan hancinsa, su haɗa ƙarfi su tono sama, su jira yashi ya yi sanyi, su ɓullo da dare. Ba wanda ya nuna musu hanya. Suna nufar ɓangaren da ya fi haske ne, wanda a gaɓar da ba fitilu shi ne saman ruwa. Ƙaguwa da karnuka da tsuntsaye na jira a yashi, kifaye a ruwa. Masana na ƙiyasta cewa cikin dubu da ƙyar ɗaya ke kai girma. Macen da ta tsira kuwa, bayan shekaru goma ko fiye, takan dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta, kuma bincike ya nuna tana amfani da maganaɗisun duniya wajen gane hanya.

Wanda ya fahimci wannan ba sai an haddace masa dokokin kallo ba. Ba a haska tocila ko fitilar waya, domin haske na mayar da uwar ruwa, yana kuma karkatar da 'ya'yan zuwa titi. Ana tsayawa a bayanta, shiru. Ba a jujjuya ƙwai, domin bayan 'yan awanni ɗan yakan manne a jikin ɓawo, juyi kaɗan ya kashe shi. Shi ya sa masu gadin gaɓa da ke aiki da ƙungiyar Nature Tropicale, idan rami yana cikin haɗarin ɓarayi ko zaizayar teku, suke kwashe ƙwan da wuri a hankali zuwa killataccen yashi, daga baya a saki 'ya'yan, kamar yadda ake yi a wani biki na farkon Janairu a Giran-Popo. A ganina wannan dabarar ceto ce kawai. Ramin da uwar ta zaɓa ya fi, in dai za a bar shi lafiya.

Mu na arewa ma da hannunmu a ciki. Mai bayan fata yana cin wata halittar ruwa ce mai laushi, fara garai-garai, kuma leda mai yawo a ruwa tana kama da ita. Ya haɗiye, ta toshe masa hanji. Kogin Weme daga duwatsun yankin Jugu ya taso, Okpara da ke ba Faraku ruwan sha a cikinsa yake zuba, Weme kuma ya gangara tafkin Nokuwe, daga nan teku, ke nan ledar da muka yar a arewa tana iya kaiwa can. Tun 2017 Benin ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa. Ɗalibai, ku daina jefa ledar ruwa da ta cefane a lambatu.