Takardar lauyan kamfani ba hukuncin kotu ba ce

A aikina na lauya mai kula da alamomin kasuwanci, takardar da ta fi kawo mutane ofishina jikinsu na rawa ita ce wadda ke cewa sunan shafinsu na intanet ya yi kama da na wani babban kamfani. Kusan duk kamanninta ɗaya: tambarin ofishin lauyoyi a sama, jerin lambobin rajista daga ƙasashe barkatai, a ƙasa kuma wa'adin 'yan kwanaki, a miƙa shafin ko a haɗu a kotu. Wata mai ɗinki da ta raɗa wa shafinta sunan kakarta, da ta karanta sai cikinta ya ɗuri ruwa. Da yawa sukan miƙa tun kafin su nemi shawarar kowa, kuma don haka aka rubuta takardar.

Rajistar alama ba ta mallaka wa kamfani kalma a kowane fage ba. Tsarin Nice ya kasa kaya da ayyuka gida 45, kuma galibi kariyar tana tsayawa ne kan abin da aka yi wa rajista da abin da zai iya rikita mai saye. A rikicin sunayen da suka ƙare da .com kuwa, akwai ƙa'idar UDRP da hukumar ICANN ta amince da ita a 1999, cibiyar WIPO ta Geneva na cikin masu sauraron ƙararrakinta. Sai mai ƙara ya tabbatar da abu uku gaba ɗaya: sunan ya yi kama da alamarsa, mai shafin ba shi da wani haƙƙi a kansa, sannan da mugun nufi ya yi rajistarsa kuma da shi yake amfani. Ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi. In da wannan sunan aka san ka tun asali, ƙa'idar da kanta ta lissafa shi cikin hujjojinka.

Uzi Nissan ɗan kasuwa ne a jihar North Carolina ta Amurka, Nissan kuma sunan gidansu ne. Ya kafa kamfanin kwamfuta da sunansa a 1991, ya yi rajistar nissan.com a 1994. A 1999 kamfanin motoci na Nissan ya maka shi a kotu yana neman dala miliyan 10. Aka yi ta fafatawa har 2007 kafin kotu ta bar masa shafinsa, kuma yana hannunsa har ya rasu a 2020. Ya yi nasara, amma wa zai biya shi shekarun da shari'ar ta cinye? Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Kamfani yana da kasafin lauyoyi duk shekara, mutum ɗaya kuwa daga aljihunsa yake biya. Ko a UDRP, in alƙalai suka gano cewa ƙarar zalunci ce, iyakarta su rubuta hakan a hukunci, babu tarar ko sisi.

Wurin da na fi ganin mutane na faɗawa rami shi ne maganar kuɗi. A farkon 2004 duniya ta ji labarin Mike Rowe, ɗalibi ɗan shekara 17 a Kanada, mai shafin MikeRoweSoft.com. Lauyoyin Microsoft sun yi masa tayin dala 10, kuɗin rajistarsa. Ransa ya ɓaci, ya ce sai dala 10,000. Nan take aka juya wannan amsa ta zama hujjar cewa don ya sayar ya yi rajista. Surutun jama'a ne ya cece shi, aka sasanta, ya miƙa shafin aka ba shi Xbox da wasu kyaututtuka. Kai da ba jaridar da za ta ɗauki labarinka, kada ka faɗi farashi, ko a waya ko a WhatsApp, ko da su suka fara tambaya. Bar lauya ya yi wannan maganar.

Ba kowace takarda ce ta zalunci ba. Wanda ya kwafi tambarin banki yana damfarar mutane, ko ya saye sunan kamfani ya ajiye yana jiran ciniki, ba shi nake karewa ba.

In kai mai gaskiya ne, tattaro duk abin da ke nuna yaushe ka fara amfani da sunan: takardar CAC, rasit, tsohon allon shago, saƙon rajistar shafin mai kwanan wata. Kada ka sauya komai a shafin cikin gaggawa. Kada kuma ka yi shiru in an shigar da ƙarar UDRP, kwana 20 gare ka ka mayar da amsa, in ka bari suka wuce za a yanke hukunci da takardun ɓangare ɗaya. Masu shafukan .ng su nemi ƙa'idar sasanta rikici ta hukumar NiRA, don tata daban ce. Sannan kowa ya duba adireshin imel ɗin da ke kan rajistar shafinsa, don nan ake aiko sanarwar ƙara. Na sha tarar da na yaron da ya gina shafin ne, wanda ya daɗe da barin aikin.