Audugar da ba a noma ta a gona

Duk wanda ya taɓa jinyar ƙuna ko gyambo ya san azabar ranar canja bandeji. Auduga takan manne a miki, in an ɓamɓare ta sai ta taho da sabuwar fata. A shekarar 1962 Dokta George Winter, a asibitin ƙashi na Stanmore a gefen Landan, ya gwada a jikin aladu, ya ga mikin da aka rufe da danshinsa ya fi wanda aka bari ya bushe saurin yin fata, kusan ninki biyu. Watau aikin bandeji biyu ne: ya shanye ruwan da ya yi yawa, amma kada ya busar da miki.

To, akwai wata auduga da ba a noma ta. A 1886 Adrian Brown ya bayyana wa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan cewa yanar nan da ke taruwa a kan ruwan tsami na khal, kamar yanar kunu, waɗansu ƙwayoyin bakteriya ne ke saƙa ta. Sinadarinta ɗaya ne da na auduga, ana ce da shi salulos, sai dai zarenta ya fi siriri nesa ba kusa ba. Tana riƙe ruwa wajen ninki 100 na nauyinta, ba ta kuwa mannewa. Tun shekarun 1980 aka fara rufe ƙuna da ita a Burazil.

Ga inda gizo ke saƙa. Jiƙaƙƙiya ce take fitowa, tulun da ya cika kuwa ba ya karɓar ƙari. In an shanya ta, zaren ya manne wa juna, ta zama kamar takarda, ba ta sake shan ruwa kamar da. Mikin da ke tsiyaya ya fi ƙarfinta ke nan. Saboda haka masana kan daskarar da ita da sanyi, sa'an nan su janye ƙanƙarar yadda ƙofofinta za su zauna a buɗe, ko su gauraya ta da wani danƙo na ciyawar teku mai shan ruwa. Ba ta kashe ƙwayoyin cuta da kanta, sai an sa mata azurfa ko wani magani.

A 2016 masana na Kwalejin Imperial ta Landan suka nuna ana iya gyara halittar ƙwayoyin su kansu, a sarrafa saƙarsu tun daga tushe. A ganina babbar matsala ita ce tsada, gama masaƙan nan suna cin sukari, kuma sukan yi mako ɗaya ko biyu kafin su gama ƙyalle guda.