Matakan Gane Abin da Waƙar Rabuwa Take Nufi

Waƙar rabuwar masoya ta fi kowace waƙa saurin shiga kunne, ita ce kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Hau Keke Napep a Kaduna daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi, da wuya ka sauka ba ka ji ɗaya ba. Direba na bin amshi, fasinja na gyaɗa kai. Amma tambaye su wa ya rabu da wa, kuma wa ya jawo, sai ka ji kowa da tasa. Ba laifinsu ba ne. Mawaƙin Hausa bai cika faɗin abin da ya faru ƙarara ba. Yana iya cika waƙa da kuka tun daga farko har ƙarshe, amma wanda ya sa shi kukan yakan sakaya shi, don kunya ko don gudun abin da zai biyo baya. Aikin mai sauraro shi ne ya gano wanda aka sakaya, kuma ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Samo waƙar cikakkiya, ka rubuta ta da hannunka

Guntun daƙiƙa talatin da ke yawo a TikTok ko WhatsApp amshi ne kawai, kuma amshi shi ne wurin da mawaƙi ya fi ɓoye kansa. Nemi cikakkiyar, ko a YouTube ko wurin masu tura waƙa a waya da ke bakin kasuwa. Saurara ba tare da biro ba tukuna, sannan ka zauna ka rubuta. Ware amshi gefe, ka jera ɗangwaye, ka sa alama inda muryar namiji ta tsaya ta mace ta karɓa. Inda na'urar gyaran murya ta cinye kalma, bar gurbi, kada ka cike da zato.

Kada ka dogara da baitocin da aka zuba a intanet. Yawancin masu rubuta su ba sa lanƙwasa haruffa, ba sa raba kalmomi yadda ya kamata. Idan ka ga an rubuta "ya bata", ba ka san ko ya ba ta wani abu ba ne ko kuwa wani abu ne ya ɓata, kuma a waƙar soyayya tsakanin waɗannan biyun akwai tafiya mai nisa. Kunnenka ne zai raba gardama.

Mataki na 2: Binciki inda waƙar ta fito

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ya sa da mawaƙi ya saki waƙar kuka sai gari ya ɗauka budurwa ta guje shi. Waƙoƙin soyayya na zamani, waɗanda ake kira nanaye, a gindin fim suka girma, fim ɗin Hausa kuwa ya ɗebo tsarin rawa da waƙa tsakanin saurayi da budurwa daga finafinan Indiya da Arewa ta daɗe tana kallo. Saboda haka da yawansu an rubuta su ne don wani wuri a cikin labari. Darakta ya gaya wa mawaƙi cewa a nan za a aurar da yarinya ga wani, shi kuma ya shiga sitidiyo ya yi wa jarumin kukansa. "Ni" ɗin da ke cikin waƙar jarumin ne. Ko Umar M. Shareef, ɗan Rigasa, wanda yake waƙa kuma ya fito da kansa a matsayin jarumi a fim ɗin Mansoor na Ali Nuhu a 2017, idan ya rera a cikin fim, bakin jarumin labarin yake ara. In waƙar ta fim ce, kalli abin da ya faru kafin a sako ta, rabin fassarar yana nan.

Akwai kuma waƙar da aka biya aka yi. Saurayi ya kai kuɗi da labarinsa, mawaƙi ya ɗinka. Sunayen da kake ji ana jerowa a ƙarshe galibi na masu gida ne, da abokai, da mai kiɗa. Kada ka tsinci sunan mace a wurin ka ce ka gano wadda ake wa kuka.

Mataki na 3: Bi wakilan suna, ka nemo wanda ake zargi

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka daɗe. Ɗauki takardarka ka ja layi ƙarƙashin kowane "ke", "kai", "ita", "ku", "su", da "an" ko "aka". Za ka ga waƙar ta fara buɗe baki.

Idan mawaƙi yana cewa "ke" ko "kin", da ita yake magana ido da ido, kuma wanda yake magana da mutum bai gama yanke ƙauna ba. Idan ya koma "ita" da "ta", ya juya mata baya ya fuskanci jama'a, ƙara yake kaiwa, shaidu yake nema. Lura da ɗangon da wannan juyin ya faru, domin sau da yawa a nan zuciyar waƙar take. "Su" kuwa na mahassada ne da 'yan gulma da ƙawaye masu zuga, waɗanda zarginsu ba ya jawo wa kowa magana.

Sai babban cikinsu, wato "an". An raba mu, an hana ni, an ba da ke. Wa ya raba? Wa ya bayar? A unguwanninmu, daga Unguwar Shanu har Badarawa, kowa ya san yadda abin yake tafiya. Yaro ya shekara biyu yana zuwa zance wurin yarinya, ya san tabarmar zauren gidan, ƙannenta sun saba da alewarsa. Ran nan sai a aiko a ce ya fito. Ba shi da ɗaki, ba shi da abin haɗa lefe, sai wani mai hali ya turo magabata, a sa rana. Wanda ya yanke hukuncin uba ne ko kawu ko uwa, amma ɗan da ya sha tarbiyya ba ya kama sunan iyayen wani, balle nasa, ya sa a waƙa. Sai ya fake da "an". Idan ka ga "an" ya yi yawa, kuma babu inda aka kira yarinyar maciya amana, to waƙar ba ta yaudara ba ce. Tana magana ne kan ikon manya da rashin abin hannu, ko da kalmar kuɗi ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Haka ma ambaton ƙaddara da rabo. Wani lokaci tawakkali ne na gaske. Wani lokaci kuwa hanya ce ta faɗin an zalunce ni ba tare da an nuna kowa da yatsa ba. Abin da zai bambance maka su shi ne ɗangon da ke biye: in ya yi mata fatan zaman lafiya a gidan da ta shiga, ya sallama, in ya koma lissafin wahalar da ya sha da alkawarin da aka ɗauka, to da sauran magana a bakinsa. A ganina waƙar da ta iya riƙe waɗannan biyun a lokaci guda ita ce ta ƙwararre. Mawaƙan da suka gabata sukan fi fito da abin fili. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi waƙa sukutum a kan auren dole, ya dubi iyaye ya yi musu magana. Ya iya yin haka ne don ya tsaya a matsayin mai nasiha. Saurayin da abin ya shafa ba shi da wannan damar.

Mataki na 4: Tsayar da turke

Masana sun ba mu kayan aiki. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, mai littafin Jagoran Nazarin Waƙar Baka, yana kiran babban saƙon waƙa turke, abin da masu nazarin rubutacciyar waƙa irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ke kira jigo. "Soyayya" ta yi faɗi da yawa a ce ita ce turke. Matse shi cikin jimla ɗaya: roƙon a dawo ne, ko zargi, ko habaici ga wanda ya kasa shi, ko ban kwana, ko ta'aziyya? In ka kasa faɗinsa a jimla ɗaya, koma mataki na uku.

Hattara da abu biyu a nan. Na farko, wadda ake kewa tana iya kasancewa ta rasu, ko ma uwa ce. Alamarsa addu'ar gafara da rahama, da rashin zargi ko kaɗan. Na biyu, masu begen Annabi (SAW) suna amfani da harshen shauƙi iri ɗaya: rashin barci, hawaye, ciwon da ba shi da magani sai ganin masoyi. Har akwai 'yan bandiri a Kano da suka riƙa ɗora bege a kan karin waƙoƙin Indiya. Wanda ya ji tsakiyar irin wannan waƙar kawai yana iya aika wa budurwarsa, ya sha kunya.

Mataki na 5: Auna adon magana, kada ka wuce gona da iri

Wuta, ƙuna, dafi, kurkuku, maraici, duhun dare, duk kayan gado ne da kowane mawaƙi ke ɗiba. Kada ka tsaya a kansu sai in an juya su ta wata fuska da ba ka saba ji ba. Abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne ƙaramin abu na zahiri, kamar lambar waya da ta daina shiga, ko katin ɗaurin aure da aka aiko ta hannun ƙanwa. Sannan ka tuna da amsa-amo. In duk layuka suna ƙarewa da "na" ko "ki", wata kalmar ta shigo ne don ta cike gurbi kawai, musamman na Larabci irin su ƙalbi da ruhi. Ba kowace ke ɗauke da sirri ba.

Mataki na 6: Mayar da kalmomin cikin kiɗansu, ka kai wa wani

Yanzu sake saurare da takarda a hannu. Kiɗan fiyano mai zafi yakan lulluɓe kalmomi masu ɗaci, shi ya sa za ka je kamu ko dina a Unguwar Rimi ka tarar ana cashewa, ana yi wa amarya liƙi, da waƙar da ke tsine wa ranar da aka haɗu. Lura kuma da muryar mace: a waƙoƙi da yawa namijin ne ya rubuta duka ɓangarorin, ita ta hau kawai. Abin da ta faɗa yana iya zama abin da saurayi ke fatan ji daga bakin budurwa. Mata masu sauraro sukan riga kowa gane wannan.

Daga nan kai fassararka gaban wani wanda ba sa'anka ba. Dattijuwar da ta taso da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, tashar da ta fara aiki tun 1962, ta san yadda ake aika saƙo da waƙa ba tare da an faɗi komai ba, kuma za ta ji habaicin da ya wuce ka. In karin magana ko tsohuwar kalma ta gagare ku, akwai malaman Hausa a Jami'ar Jihar Kaduna, ga kuma ɗakin karatu na Gidan Arewa a titin Rabah. Tafi da takardarka da guraben da ka bari tun a mataki na farko, ka fara tambaya daga kansu.