Ciwon cikin kofato: haɗarin da ke jiran doki mai ƙiba da rani

A Ingila da Amurka masu doki na tsoron ciyawar da sanyi ya daskarar, don sukarinta ya fi yawa, yana iya jawo ciwon cikin kofato. Hunturun Yola bai kai haka ba. Mu a nan haɗarin yana cikin buhun dawa da koren ciyawar fadamar Binuwai da Geriyo.

A cikin kofato akwai wani siririn nama da ke manne bangon kofaton da ƙashin ciki. Idan doki ya ci hatsi ko ɗanyar ciyawa fiye da kima, sai naman nan ya kumbura, riƙon ya saki, ƙashin ya fara karkata ƙasa. Za ka ga dokin ya miƙe ƙafafun gaba, ya mayar da nauyinsa baya, ba ya son juyawa. Taɓa kofaton, za ka ji zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu kuma tana bugawa da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne shirin hawan sallah. A shekarun nan ƙaramar sallah na zuwa da rani, kowa na son ingarmansa ya cika ido a ƙofar fadar Lamiɗo. Sai a ninka masa dawa da dusa, ga shi ɗaure a turke ba ya motsa jiki. Dokin da wuyansa ya yi tozon kitse mai tauri, shi ciwon ke fara kamawa.

Don kauce wa ciwon, ingirici ya zama tushen abincinsa, wajen kilo 2 a kowane kilo 100 na nauyinsa a rana, harawa kaɗan. Ga mai ƙiba, a jiƙa ingiricin kamar minti 60, a zubar da ruwan. Hatsi a raba shi kashi uku, kuma duk canjin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Kiwo a fadama kuwa da sassafe, na ɗan lokaci. Haka za a yi da sabuwar ciyawar farkon damina.

In alamu sun bayyana, janye hatsi nan take, ka tsayar da shi kan yashi mai laushi, ka sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara. Kada a ja shi yawo wai jini ya sake, hakan ƙara yage naman yake yi. Ɗan'uwa, kira likitan dabbobi a ranar, kar ka bari sai gobe.