Labarin Ƙauyen Areni da Kogonsa

1. Inda ƙauyen ya ke

Ka ɗauki taswirar duniya, ka nemi ƙasar Turkiyya da ƙasar Iran. A gabas da Turkiyya, arewa da Iran, za ka ga wata ƙaramar ƙasa mai yawan duwatsu, sunanta Armeniya. Babban birninta Yerevan. In ka tashi daga can ka nufi kudu maso gabas, tafiyar mil 70 ko kusa da haka, sai ka isa wani ƙauye a bakin kogin Arpa, ana ce da shi Areni. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Yawancinsu manoma ne, abin da suka fi nomawa kuwa inabi. Su Kirista ne, addininsu bai hana su giyar inabi ba, da ita ma su ke samun abin rufin asiri.

2. Tarihinsa

Da sunan ƙauyen Arpa, kamar kogin. A zamanin da ayarin fatake su kan bi ta kwarin nan. Akwai wata majami'a ta dutse bisa tudu, wadda wani gwanin magini mai suna Momik ya gina a shekara ta 1321, har yau tana tsaye. Sarakuna da yawa sun mallaki ƙasar. Ta fita hannun Farisa ta koma hannun Rasha a 1828, ta shiga mulkin Sobiyet a 1920, ta sami kanta a 1991. Mulki ya yi ta sākewa, amma manoma ba su bar gonakinsu ba.

3. Abin da aka tono a kogo

Kusa da ƙauyen akwai wani babban kogo cikin dutse. A 2007 masu binciken kayan mutanen da, na Armeniya da na Ailan da na Amurka, suka soma tono a ciki. Shugabanninsu su ne Boris Gasparyan da Ron Pinhasi da Gregory Areshian. Kada ka zaci tonon nan irin na haƙar rijiya ne. A hankali a ke share ƙasa, ko wane abu aka gani sai a auna wurinsa, a rubuta, kāna a ɗauka.

A 2008 wata ɗaliba, Diana Zardaryan, ta sami takalmi ƙafa ɗaya na fatar saniya, an cusa masa ciyawa. Shekarunsa wajen 5,500. Me ya hana shi ruɓewa? Kogon yana da sanyi, ba laima, kuma kashin tumaki ya taru ya rufe shi ruf, iska ba ta shiga.

A farkon aikin ba wanda ya san abin da ke gaba, sai a 2011 aka ba da labarin abin da ya fi takalmin. An sami wani kwarami na yumɓu, tsawonsa kamar ƙafa 3, an karkata shi ya fuskanci bakin wata randa da aka binne. Zurfin randar ƙafa 2, tana cin galan 14 ko 15. Kewaye da su ga ƙwayoyin inabi, ga busassun ɓawo da rassa, ga ƙoƙunan sha. Watau a kwaramin a ke tattake inabi da ƙafa, ruwan ya gangara cikin randa. Shekarun wurin wajen 6,100, tun mutane ba su san baƙin ƙarfe ba, sai jan ƙarfe. Akwai kaburbura dab da shi, shi ya sa masana su ke tsammanin don bikin binne matattu aka yi giyar.

4. Yadda aka san shekarun

Ko wane abu mai rai yana ɗauke da wani irin sinadari da a ke kira kabon 14. Da ya mutu sai sinadarin ya soma raguwa, cikin shekara 5,730 rabinsa ya tafi. In an auna abin da ya saura a cikin fata ko ƙwayar inabi, sai a lissafa lokacin mutuwarsa. Ban da wannan, an gwada ɓangaren tukwanen, an sami alamar launin nan da ke sa inabi ja.

5. Yadda ruwan inabi ke juyewa

A bisa ɓawon inabi akwai waɗansu 'yan halittu da ido ba ya gani, sunansu yis. In an tattake inabi, sai su ci zaƙin ruwan, su mai da shi barasa da iska, ruwan ya yi ta kumfa. Ka san yadda ƙullu ke tashi in ya kwana? Irin aikin ke nan. Mutanen ƙasar su kan binne manyan randuna da su ke kira karas, domin ƙasa tana tsare sanyi daidai. Inabinsu baƙi ne mai kaurin ɓawo, sunan ƙauyen ya ke amsawa. Ko wace shekara a watan Oktoba su kan yi bikin kaka, baƙi su zo saye.

6. Abin lura

Da wani ya riga masanan nan shiga kogon yana neman zinariya, da ya farfasa randar ya watsar da ƙwayoyin, labarin shekara dubu shida ya ɓace har abada. To, in kana noma ko haƙar ƙasa ka tarar da tsohuwar tukunya ko gunki, kada ka fasa, kada ka sayar. Bar shi inda ya ke, ka sanar da hukuma.

Tambayoyi

1. A bakin wane kogi Areni ya ke?
2. Me ya hana takalmin ruɓewa?
3. Ƙaƙa aka san shekarun randar?
4. Don me ba a so a ɗauke tsohon kaya daga wurinsa?