Kafin Ka Hau Jirgi Mai Saukar Ungulu Zuwa Himalaya

Idan Allah ya kai ka Nepal, kana son ganin Dutsen Everest daga sama, ka nemi tashin sassafe. Da rana ta ɗaga gajimare ke taruwa, iska ta ƙaru, sai ka biya kuɗi ka dawo ba ka ga komai ba. Sama ta fi washewa a Oktoba da Nuwamba.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiya. Kathmandu tana kan tsayin kusan mita 1,400, amma jirgin zai haura da kai sama da mita 5,000 tun jiki bai saba ba. Mai ciwon zuciya, ko asma, ko sikila, don Allah ya fara ganin likita. Ciwon kai da jiri ba abin ɓoyewa ba ne, ka faɗa wa matuƙi nan take.

In an ce ka hau sikeli, ka hau. Can sama jirgin ba ya jure nauyi. Sa tufafi masu duhu, don fararen kaya na haskawa a gilashi su ɓata hoto. Kada ka taɓa zagayawa ta bayan jirgin, akwai farfela a wutsiyarsa.